Gorar lemo da inuwar la'asar: nazarin wani kulob ɗin kimiyyar sama a Nima

Makarantar da wannan nazari ya shafa tana tsakiyar Nima, a birnin Accra, tafiyar ƙafa kaɗan daga babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Mamobi. Tana cikin makarantun Islamiyya da gwamnati ke turo wa malamai ta hannun Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987 ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa. Ana bin manhajar gwamnati, ana kuma karatun Larabci da addini. Ba zan ambaci sunanta ba, haka ma sunayen waɗanda lamarin ya shafa, domin da yawansu yara ne. Ni dai ina cikin kwamitin iyaye, ta nan na bi abin tun daga farkonsa.

Ɗakin gwaje-gwaje babu. Abin da ake kira filin wasa tsakar gida ce da aka shafe da siminti, nan ake taron safe, nan ake sallar azahar, kuma duk inda ka waiga rufin kwanon maƙwabta ne. Filin jirgin saman Accra kuwa kilomita kaɗan ne daga unguwar. Yaron Nima ya san ƙarar jirgi tun yana goye, kuma da wuya a sami gidan da bai taɓa raka maniyyaci zuwa sansanin alhazai da ke kusa da filin jirgin ba. Amma in ka tambayi ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, wadda a nan ake kira JHS, me ke riƙe da wannan ƙaton ƙarfe a sama, amsa biyu za ka samu: ko ya ce inji, ko ya ce ikon Allah. Ta biyun gaskiya ce, ta farkon rabin gaskiya, kuma babu wadda za ta ba shi maki a BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare.

Malamin kimiyyar makarantar matashi ne, ɗan Zango, wato unguwannin Musulmi irin Nima a biranen Ghana, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Ya tarar da yara masu kaifin hadda, abin da makarantar allo ta gina su a kai, suna iya zuba masa ma'anar nauyi da ta matsin iska da Turanci ba tuntuɓe. In ya ɗan juya tambayar, sai aji ya yi tsit. Ga kuma batun harshe. Hausa ake yi a gida da kasuwa da wajen wasa, amma ba ta cikin harsunan Ghana 11 da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, don haka kimiyya tana zuwar wa yaro ne cikin harshen da ba da shi yake tunani ba. Sai ya nemi izinin shugaban makaranta ya buɗe kulob ranar Laraba bayan an tashi. A can magana da Hausa ake yi, rubutu kuma da Turanci, tunda da shi za a yi jarrabawa.

Takarda da kwalin abinci

Ya fara da abin da ba ya cin ko sisi, wato jirgin takarda. Kowane yaro ya iya naɗe shi, don haka ba naɗin ya koyar ba. Ƙa'ida ɗaya ya kafa, kuma ita ce ta riƙe kulob ɗin har ƙarshe: abu ɗaya kaɗai ake canzawa a lokaci guda. In ka ƙara faɗin fiffike, kada ka taɓa hanci. A jefa jirgin sau da yawa daga layi ɗaya, a auna nisa da tef ɗin tela, a rubuta kowane awo, har wanda bai yi daɗi ba. Daga nan suka koma yanka jirage daga farin kwalin da ake zuba abincin sayarwa. Jirgin da ya ɗaga kai ya tsaya cik ya faɗo, sai a manna masa kwabo a hanci. Wanda ya nutsa ƙasa, sai a ɗan lanƙwasa bayan jelarsa sama. Da haka yaran suka gane cibiyar nauyi da yatsunsu kafin su ji sunanta.

Yadda fiffike ke ɗaga jirgi ya nuna musu a gaban fanka, da murfin kwali a hannu. In kwalin yana kwance daidai, iska wucewa take yi. In ka ɗan ɗaga gabansa, sai ka ji ana tura hannunka sama da baya. Fiffike yana karkatar da iska zuwa ƙasa, iska kuma tana tura shi sama, kuma matsin iskar da ke samansa bai kai na ƙarƙashinsa ba. Inji turawa gaba kawai yake yi don iska ta riƙa bi ta kan fiffiken. Wani yaro ya zo da bayanin da ya gani a waya, wai saman fiffike ya fi tsawo, dole iskar sama ta yi sauri ta cim ma ta ƙasa a baya. Wannan bayani ya yaɗu ƙwarai, amma ba daidai ba ne. Ba malamin ne ya rushe shi ba, wata yarinya ce ta ɗaga jirgin takardarta ta ce, "Sa, to ai nawa fiffiken a miƙe yake sama da ƙasa, kuma yana tashi."

A nan ya ba su labarin 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright a Amurka, masu shagon keke, waɗanda jirginsu ya tashi ranar 17 ga Disamba 1903, ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci mita 37. Ba tashin ya fi jaddadawa ba. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne cewa a 1901 sun ƙera akwatin hura iska, suka gwada ƙananan fukafukai iri-iri kusan 200, suna rubuta sakamakon kowanne.

Rokar da ta tsallake katanga

Bayan zangon farko aka koma rokar ruwa. Kayan aikin kaɗan ne: gorar roba ta lemo mai gas, mai cin lita ɗaya da rabi, da bawul ɗin tsohuwar taya da aka samo wajen mai faci, da toshiya, da famfon keke. Gorar lemo mai gas ake nema saboda an ƙera ta don jure matsi. Ta ruwan sha sirara ce, kwalba kuwa ba a ko kusantar ta. Ana zuba ruwa, a toshe, a kifa gorar baki ƙasa a kan katako, a yi ta buga iska. Da toshiyar ta saki, iskar da aka matse sai ta fesar da ruwan ƙasa da ƙarfi, gorar kuma ta yi sama da ƙarfi daidai da wancan. Dokar Niyuton ta uku ke nan, wadda yaran suka daɗe da haddacewa, kuma da ita roka ta gaske ke tashi, sai dai ita hayaƙin mai da ya ƙone take fesarwa.

A tsakar gidan makaranta aka yi gwajin farko, kuma nan matsala ta faru. Wata roka da aka yanka wa fukafukai ba daidai ba, hancinta kuma ba nauyi, ta tashi ta karkace, iska ta kwashe ta, ta tsallake katanga ta faɗa kan rumfar wata Hajiya mai sayar da wake da shinkafa. Ba wanda ya ji ciwo, amma ƙarar da ta yi a kan kwano ta sa masu cin abinci sun watse, tukunyar miya ta tuntsure. Kafin la'asar labari ya kai ƙarshen unguwa, kuma kamar yadda aka saba, ya ƙara kiɓa a hanya. Washegari shugaban makaranta ya je da malamin suka ba Hajiya haƙuri, aka biya miya, ya kuma dakatar da kulob ɗin har sai iyaye sun zauna.

Wasu sun ga kamar ya tsananta. Ni ina ganin ya yi daidai. Gora cike da iska mai matsi ba abin wasa ba ce, in ta sami yaro a ido an gama. Wurin ya yi ƙanƙanta, ba a kuma gwada daidaiton rokar ba kafin a harba, alhali gwajin ba shi da wuya: a ɗaura igiya a daidai cibiyar nauyinta, a juya ta sama da kai. In hanci ne ke gaba a kowane zagaye, za ta tashi a miƙe. In tana wuntsilawa, a ƙara nauyi a hanci ko a ƙara girman fukafukan baya.

Zaman iyaye

Malamin ya zo zaman da buƙata: a bar shi ya kai yaran wani filin ƙwallo da ke gefen unguwa ranar Asabar da safe. Nan ne gardama ta tashi, kuma ba ta miya ba ce. Safiyar Asabar da Lahadi a Zango ta makarantar Alƙur'ani ce, an daɗe da yin wannan rabo tsakanin boko da allo, kuma duk wanda ya taɓa shi ya taɓo abin da ya fi ƙarfinsa. Wasu iyayen kuma jarrabawa ce damuwarsu. Tun daga Satumba 2017 babbar sakandare kyauta ce a Ghana, amma makarantar da kwamfuta za ta tura yaro, da fannin da zai samu, duk sun dogara ne da makinsa na BECE. Wani Alhaji ya ce shi ba jefa gora ya kawo ɗansa ya koya ba. Akwai kuma waɗanda ba su fito fili ba, amma a ransu duk maganar zuwa sama da taka wata tatsuniyar Turawa ce, suna tsoron a ɗora yara a kan abin da zai taɓa imaninsu.

Wannan na ƙarshe ya fi sauƙin amsawa fiye da yadda aka zata. Malamin ya ambaci Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya, wanda ya je sararin samaniya cikin kumbon Discovery a watan Yuni 1985, da likitan nan na Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, wanda ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Oktoba 2007, tafiyar da ta faɗo cikin Ramadan, har malaman ƙasarsa suka rubuta masa bayanin yadda zai yi salla da azumi a wurin da rana ke fitowa kusan sau 16 cikin awa 24. Da aka ji malamai sun zauna a kan mas'alar, sai jikin mutane ya yi sanyi.

Abin da ya juya zaman dai tambaya ce daga dattijon da ke koyar da fiƙihu a makarantar, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba.

"Ɗana, na ji ka ce kuna auna inda abin nan yake kaiwa. Wa ke hawa sama da igiyar awo?"

"Allah ya gafarta Malam, ba a hawa. Daga ƙasa ake aunawa."

Ya yi bayani cewa yaro zai tsaya a nisan da aka riga aka auna, ya bi rokar da ido ta cikin bututu, ya karanta kusurwar da ya ɗaga kai. In kusurwar ta zo digiri 45, to tsayin da rokar ta kai daidai yake da nisan da ke tsakanin yaron da inda aka harba ta, sai a ƙara tsayinsa daga ƙasa zuwa ido. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce wannan ai awon la'asar ne. Tun kafin agogo ya wadata, da inuwa ake gane lokaci: in inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar da ta rage lokacin zawali, la'asar ta shiga. Ya ce su da tafin ƙafa aka koya musu, ana lissafa tsayin mutum ƙafa bakwai na ƙafarsa.

Gaskiyarsa ne, kuma lissafin ɗaya ne. Duk lokacin da inuwar sanda ta yi daidai da tsawonta, rana tana digiri 45 daga ƙasa. Accra tana wajen digiri biyar da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara, farkon Afrilu da farkon Satumba, rana kan tsaya tsakar ka sosai har sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa lokacin zawali. A waɗannan ranaku babu abin cirewa, la'asar kan shiga daidai kan digiri 45. Daga wannan zama dattijon ya zama ɗan kulob, shi ke koyar da awon inuwa. Ba na tsammanin akwai wata takarda daga ofishin ilimi da za ta yi wa kulob ɗin abin da zamansa a ciki ya yi.

Aka daidaita a kan Asabar bayan la'asar. Lokacin kaɗan ne, domin a Accra rana kan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma sharaɗi ne 'yan mata su koma gida kafin magariba. Dole a sami babba ɗaya daga iyaye a filin, mai buga famfo ya tsaya nesa da dogon tiyo, sauran kuma bayan layi. Wani ɗan kasuwa ya yi tayin kawo ƙaramin jirgi maras matuƙi da ya sayo a Dubai, malamin ya yi godiya ya ƙi, saboda hukumar sufurin jiragen sama ta Ghana tana buƙatar a yi wa irinsa rajista, kuma ba a tashinsa kusa da filin jirgi. Masu damuwar jarrabawa su ma ba su tashi hannu rabbana ba: aka cire 'yan aji uku daga kulob ɗin a zangonsu na ƙarshe.

Littafin awo

Ma'aunin tsayin da suka haɗa bai wuce ma'aunin kusurwa na cikin akwatin kayan lissafi ba, da bututun shan lemo manne a gefensa, da zare mai noti a ƙarshe. Yaro ya leƙa ta bututun, abokinsa ya danne zaren lokacin da roka ta kai ƙololuwa, a karanta. Tunda ba kullum kusurwa ke zuwa 45 ba, sai su zana alwatikar a takardar giraf, santimita ɗaya a madadin mita ɗaya, su auna tsayin da rula.

Tambayar da suka fi daɗewa a kanta ita ce yawan ruwan da ya kamata a zuba. Kusan duk yaran sun ce a cika gora, tunda ruwa ne man rokar. Aka gwada babu ruwa, aka gwada kwata, kashi ɗaya cikin uku, rabi, da kusan cike. Maras ruwa ta yi ƙara ta faɗo kusa, domin iska ba ta da nauyin da za ta tura gorar da shi. Mai cike ta yi nauyi, ga shi babu wurin da iska za ta taru, ta ɗan ɗaga tana zubar da ruwa ta kife. Wadda ta fi nisa tana wajen kashi ɗaya cikin uku. Wannan sananne ne ga masu wannan aiki, malamin ma ya sani, amma bai faɗa musu ba.

Sai dai lambobin farko ba su fito tsaf ba, kuma a wurina nan ne karatun ya fi armashi. Masu awo biyu su tsaya gefe daban-daban, kowa ya kawo tsayinsa daban. Aka yi ta musu, kowa na cewa ɗayan ne bai iya ba, kafin a gane cewa roka ba ta tashi a miƙe sak, tana karkata wajen ɗaya tana nisantar ɗayan. Sai aka koma ɗaukar matsakaicin awon biyu. Yarinyar da ke riƙe da littafin kuma ta lura da wani abu: ana ƙirga bugun famfo don a daidaita matsi, amma bugu ashirin a gora mai rabin ruwa ba ɗaya yake da bugu ashirin a gora mai kwata ba, tunda wurin iskar ya bambanta, ga shi ƙaton yaro da ƙarami ba su buga iri ɗaya. Ke nan an karya ƙa'idar canza abu ɗaya ba a sani ba. Dole aka koma wajen mai faci aka aro agogon auna iska, aka sake gwajin daga farko. Yaran sun yi gunaguni ba kaɗan ba.

Batun wannan yarinya ya tono wani abu. Ba tare da kowa ya tsara ba, maza suka kama famfo da katako, mata aka bar su da biro. Malamin ya sa aka riƙa juyawa kowane mako. Wasu suna ganin an yi haka ne don a ba mata dama, kuma haka ne, amma mazan sun fi buƙatar juyin, domin mai riƙe da littafi shi ke ganin abin da lambobi ke faɗi.

Daga gora zuwa wata

Ɓangaren sararin samaniya ya zo da sauƙi bayan haka. Aka ɗauki ƙwallon ƙafa mai faɗin santimita 22 a matsayin duniya. Malamin ya ce kowa ya nuna inda tashar sararin samaniya take, yara suka ɗaga hannu sama da kai. Tashar tana kimanin kilomita 400 daga ƙasa, wato a wannan ma'auni milimita 7 kacal daga fatar ƙwallon. Wata kuwa, mai nisan kusan kilomita 384,000, ya zama lemun zaƙi ƙarami a nisan mita shida da rabi da 'yan kai, can bakin ƙofar ofishin shugaban makaranta. Rana ba ta shiga makarantar ba sam, tana can nisan kilomita 2.6.

Kowane rukuni ya kuma haɗa akwatin kwali mai santimita 10 ta kowane gefe. Girman GhanaSat-1 ke nan, tauraron ɗan'adam na farko na Ghana, mai nauyin kusan kilo ɗaya, wanda ɗalibai uku na jami'ar All Nations da ke Koforidua suka haɗa a cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan. An harba shi daga Amurka ranar 3 ga Yuni 2017, aka sake shi daga tashar sararin samaniya ranar 7 ga Yuli, ya yi ta zagaya duniya har 2019. A cikin shirin da aka haɗa shi akwai taurarin Najeriya da Mongoliya da Bangaladash. Yaran sun ɗauka tauraron ɗan'adam ya kai girman gida. Da suka riƙe shi a tafin hannu, tambayarsu ta koma ta masu ƙira: ina batir zai zauna, ta ina zai sami wuta, ta yaya zai yi magana da ƙasa.

Da fitila da lemu a aji mai duhu aka nuna dalilin da jinjirin wata ke bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, da dalilin da wata ke yin kwana 29 ko 30, tunda zagayensa kwana 29 da rabi ne. Da kayan nan dai aka nuna husufin rana, abin da iyayensu suka gani da idonsu safiyar 29 ga Maris 2006, lokacin da Accra ta yi duhu da hantsi. A nan malamin ya ja layi: kulob yana bayanin yadda wata ke tafiya, amma sanar da tsayuwarsa aikin ofishin Babban Limamin ƙasa ne, kada yaro ya je gida yana gardamar ranar salla.

Irin wannan taka-tsantsan ya yi a kan alƙibla. Sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 9:18 na safe agogon Ghana, da wajen 16 ga Yuli da ƙarfe 9:27, rana kan tsaya saitin Ka'aba. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sanda kuma tana nuna akasinta. Ranar Mayu hadari ya rufe sama, tunda tsakiyar damina ce a Accra. A Yuli aka samu, aka ja layi da alli a kan siminti, ya fito wajen digiri 64 daga arewa zuwa gabas, kusan daidai da yadda ake shimfiɗa tabarmi a makarantar. Wasu yara suka ce bari su bi masallatan unguwa da sandarsu. Dattijon da malamin suka hana da baki ɗaya, kuma sun kyauta, domin da an yi, da ranar kulob ɗin ya mutu.

Abin da ya samu da inda ya gaza

Ba zan auna wannan aiki da sakamakon BECE ba, hannu da yawa ke shiga makin yaro. Abin da malamin lissafi ya shaida a zaman kwamiti shi ne cewa 'yan kulob ba sa tsoron giraf da zanen ma'auni da lissafin kaso, wuraren da aka saba faɗuwa. Iyaye kuma sun ce tambaya ta yi yawa a gida. A ganina ba rokar ce ta yi wannan ba. Roka tana tara yara, amma da harbawa kawai ake yi a tafa a watse, da biki aka yi. Na ga irin wannan a wasu makarantu: baƙi su zo da kaya masu tsada, a yi yini guda, a ɗauki hoto, su kwashe kayansu su tafi. Abin da ya bambanta na Nima shi ne maimaitawa da awo da rubutu, da kuma ɗora sabon ilimi a kan wanda unguwa ta riga ta yarda da shi.

Akwai wurin da nake da ja. A bangon aji an manna hoton Melody Danquah, wadda ta tuƙa jirgin sojan saman Ghana ita kaɗai a 1964, da na Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, haifaffen Accra, injiniya a NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, wanda ya jagoranci aikin hannun na'urar InSight da ta sauka duniyar Mars a Nuwamba 2018. Hotunan suna da amfani, amma sun sa kusan kowane yaro yana cewa matuƙin jirgi zai zama ko ɗan sama jannati. Hanyar tana da tsawo: maki mai kyau a BECE, gurbin fannin kimiyya a babbar sakandare, sannan irin karatun injiniyan jirage da ake yi a jami'ar KNUST a Kumasi. Horon tuƙin jirgi kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidajen Zango. Ya kamata a riƙa nuna musu sauran ayyukan da ke kewaye da jirgi: makanikai, masu ba jirage umarni daga hasumiya, masu hasashen yanayi, da masu kula da jirage marasa matuƙa irin na kamfanin Zipline, waɗanda a Afrilu 2019 suka fara kai jini da alluran rigakafi asibitocin karkara daga garin Omenako.

Babban raunin dai shi ne komai a wuyan mutum ɗaya yake. Manne da tef da tiyo daga aljihunsa suke fitowa, Asabar ɗinsa kuma ba a biyan sa. Tafiyar da aka yi ta shiryawa zuwa Kuntunse, inda aka mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 na'urar sauraren taurari a Agusta 2017, ba ta yiwu ba saboda kuɗin mota, alhali wurin bai wuce kilomita 25 daga Accra ba. Yanzu kuma malamin ya sami gurbin ƙaro karatu, zai tafi a ƙarshen shekara.

Kafin tafiyarsa ya kawo wa kwamiti buƙatu uku. A ba shi malami na biyu da zai horar tun yanzu, a kuma shigar da gwajin jirgin kwali da awon inuwa cikin darasin kimiyya na kowa da kowa, kada su tsaya ga 'yan kulob. Malamar lissafi ta karɓi na farko, shugaban makaranta ya amince da na biyu daga zango mai zuwa, dattijon fiƙihu kuma ya ce awon inuwa a bar masa. Na ukun, kuɗin motar Kuntunse, an ɗage shi zuwa zama na gaba, saboda rufin azuzuwa biyu yana yoyo kuma shi za a fara gyarawa.